Hoton Auta da Na Hana Yayana

Da za a ce in warware abu ɗaya cikin abubuwan da na ƙulla a rayuwata, ba sai na yi dogon tunani ba. Zan koma ranar da Yayana ya zo gidana a unguwar Ajilari neman hoton ƙanwarmu Auta, wadda ta ɓace a shekarun rikici, ni kuma na dubi tsabar idonsa na ce gara ta cinye. A lokacin hoton yana ƙasan akwatina, naɗe cikin tsohon rawani. Yaya ya rasu bai sake ganinta ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ni ba marubuci ba ne, tela ne, karatuna bai wuce allo da firamare ba. Amma ina tsoron a manta da shi, ina kuma tsoron wani ya taka inda na taka.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, na zaci zaman makokin na dangi ne da abokan cinikinsa na Kasuwar Kifi ta Baga Road. Kafin la'asar tabarmin gidan sun ƙare, sai da aka aro na masallaci. Mata na ta shiga cikin gida, wata ta yi gaisuwa da Kanuri, wata da Larabcin Shuwa, wata da Hausar da ta koya a sansanin gudun hijira. Yawancinsu ban taɓa ganinsu ba, kuma ba su san sunansa na yanka ba. Baba mai caji kawai suke cewa.

Wani dattijo manomi da ya taso daga Konduga ya durƙusa a gabana ya ce, "Kai ne ƙanin?"

Na ce ni ne.

Ya ciro waya daga aljihu, ya daddanna. Sai ga muryar Yaya ta cika rumfar: "Malam, wake ya tashi a gari. Kada ka bari su ruɗe ka a bakin gona. Ka gaida mutanen gida." Dattijon ya rufe fuska da hannun riga. Wanda ke kusa da shi ya ce shi ma yana da nasa, wani ma ya ce haka. Ni da muka fito ciki ɗaya da shi ba ni da ko ɗaya, domin na ƙi riƙe irin wannan waya.

Abokin cinikinsa ɗan Ibo, Kirista, wanda suka yi shekara da shekaru rumfa na kallon rumfa, ya zo ya cire takalmi ya zauna cikinmu. Kuka yake yi ba ɓoyewa. Ya kama hannuna ya ce, "Oga tela, Baba ya tafi. Wa zai karya mini kifi yanzu?"

Amma abin da ya fi sukata, duk wanda ya gama gaisuwa zai tashi, sai ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "An ji labarin ƙanwar tasa kuwa?" Kowannensu ya san ana nemanta. Kowannensu ya taɓa tura cigiyarta gaba. Ni kuwa sai in ce tukuna, in sunkuyar da kai.

Yaya ne ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya kai ni wurin koyon ɗinki, shi ya aurar da Auta. Ƙanshin hayaƙin banda ba ya barin jikinsa ko ranar Sallah, komai turaren wutar da matarsa za ta banka wa rigarsa. A tsaye yake cin abinci, wai zama na kawo barci. Bai taɓa kirana da sunana ba tun da na sayi keken ɗinki, sai Malam Tela, kuma da jin yadda ya ja sunan nakan gane ko tsiya ce ke tafe ko magana.

Bai yi boko ba. Ko sunansa ba ya iya rubutawa da rubutun boko. Lokacin da aka katse layukan waya a garin nan saboda rikici, kaya suka tsaya, dillalan kudu suka koma saye a wasu garuruwa, shi kuma yana zaune da kwalaye har ƙwari suka fara shiga kifin. Ya ce mini a watannin nan ne ya gane amfanin wayar da yake rainawa. Da layi ya dawo, sai ya sayi babbar waya mai shafawa, gemunsa fari fat. Muka yi ta masa dariya.

Na ce, "Yaya, wannan ai ta samari ce. Me za ka karanta a ciki?"

Ya ce, "Malam Tela, wa ya ce maka karatu ake yi? Ka danna nan, ka yi magana, ka saki. Ko bakin ma sai an kai shi makaranta?"

A da, mai saye daga kudu sai ya yi doguwar tafiya ya zo ya ga kaya da idonsa, ko ya yarda da bakin dillali, kwali ya isa a buɗe a tarar da rabi gari. Yaya ya fito da tasa dabarar. Sai ya kira mai saye ta bidiyo, ya ce masa ya zaɓi kwalin da yake so a buɗe. Ya zura hannu har ƙasa, ba sama inda ake jera masu kyau ba, ya ciro tarwaɗa ya karya ta biyu a gaban wayar, a ga cikin ya bushe, babu ƙwaro. Har kusa da waya yake kai ta domin a ji ƙarar karyewar. Wasu 'yan kasuwar suka ji haushi, wai ya tona asirin sana'a. Daga baya duk layin suka koma karya kifi. Abin da ɗan Ibon nan yake wa kuka ke nan.

Da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa gari, ya lura cewa da yawansu suna da 'yar waya amma babu wuta, babu inda za su sa caji. Ya ɗora faifan sola a kan rufin rumfarsa, ya ja igiyoyi a kan wani benci. Bai karɓi komai a hannun kowa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kafin wayarka ta cika, sai ka koyi abu ɗaya, ko ka koya wa na kusa da kai. Na sha wucewa in tarar da tsofaffin mata sun kewaye shi, yana faɗa da su kamar malamin allo.

"Iya, ba ihu za ki yi ba, ba rijiya ba ce! Yi magana kamar yana gabanki."

"To ai yana da nisa, Baba."

"Nisan nasu ne, ba naki ba. Danna."

A kan bencin nan wata ta ji muryar ɗanta bayan ta fid da rai. A nan masu ɗinkin hula suka koyi ɗaukar hoton aikinsu su tura wa masu saye a wasu garuruwa. Yakan ce wanda ba shi da waya a yau kamar mutum ne da aka kulle a ɗaki ana shawara a kansa a tsakar gida. Kuma mata ya fi damuwa da su, wai su aka fi kullewa.

Ni ina cikin masu kullewar. Ya taɓa saya wa matata waya, na mayar masa a kwalinta. Na ce ba na son abin da zai shigo da duniya cikin ɗakina. Ya ce, "Duniya ta riga ta shigo, Malam Tela, da bindiga ma ta shigo. Wannan ƙofar fita ce." Ban saurare shi ba.

Yanzu zan faɗi maganar Auta. Tana aure a wani ƙauye gaba da Konduga, mijinta manomi. Da aka afka wa ƙauyen, waɗanda suka tsira suka iso gari a ƙafa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna tambaya. An ga gawar mijinta. Ita kuwa babu wanda ya tabbatar. Sai wani mutum ya ce ya hango mata kwance a bakin rafi, ɗaya da zane irin nata. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Na riƙe wannan magana da hannu biyu, kuma yau zan faɗi dalili. A kwanakin nan, idan aka ce 'yar uwarka tana daji, ba a tambaya ko kama ta aka yi ko bi ta yi. Maƙwabta su fara janye 'ya'yansu daga gidanka. Ina da samari a gida, ina da 'yan mata da ake nema da aure. Mutuwa ta fi mini sauƙin faɗa. Na tara malamai, aka yi addu'a, aka raba waina, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na karɓi gaisuwar mutuwar ƙanwata.

Yaya bai zauna ba. Ya zo ya tsaya daga bakin tabarmar, takalminsa a ƙafa.

Na ce, "Yaya, mutane na kallo. Zauna."

Ya ce, "Ka wanke ta?"

Na kau da kai.

"Ka sallace ta? Ka sa ta a rami? To gaisuwar wa kake karɓa?"

Na ce, "Gaisuwar da ta kamata kai ka karɓa, kai ne babba."

Ya ce, "Na ga zane a bakin wani, ban ga ƙanwata ba." Ya juya ya tafi. Mun daɗe ba ma gaisawa sai a masallacin Juma'a. Shi ya fara saukowa. Ya aiko mini da yadi in ɗinka masa, alhali ya san akwai tela a ƙofar gidansa.

Bayan ya ƙware da wayar ne ya zo neman hoton. Hoto ɗaya tak Auta ta bari a duniya, domin nata sun ƙone tare da gidanta. A wani biki a gidana aka ɗauka, ba da daɗewa ba kafin ta ɓace. Tana dariya, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, kitsonta a waje. A ɗakin mahaifiyarmu yake rataye, da ta rasu a hannuna sai ya zama a wurina. Yaya ya ce ana haɗa mutane da danginsu ta hoto, ya gani da idonsa a kan bencinsa. Aron minti kaɗan yake so, ya ɗauka da waya ya mayar mini.

Na ce matar aure ce, kanta a buɗe, ba za ta shiga wayar kowane ƙato ba. Ya ce zai rufe kan, fuskar kawai za a gani, wayar na iya yin haka. Da na ga hujjata ta ƙare, sai na ce, "Ai ma gara ta cinye shi tun bara."

Gaskiyar ba kitson ba ne. Ni ne na zauna a kan tabarma, unguwa duka ta gaishe ni. Idan hoton ya fita da cigiya, kowa zai san na karɓi gaisuwar wadda ban tabbatar ta mutu ba. Kunyar wannan na auna da ƙanwata, kunyar ta rinjaya.

Yaya ya daɗe yana kallon bangon ɗakin. Sannan ya ce, "Garar gidanka mai hankali ce, Malam Tela. Ta tsallake hotonka na Makka ta ci na Auta." Ya yi 'yar dariya, ya sa hularsa. Yana da ikon ya sa a fasa akwatin, shi ne babba. Bai yi ba, kuma bai sake tambaya ba. Matarsa ta faɗa mini daga baya cewa ta matsa masa ya koma, ya ce ba zai tilasta wa ƙaninsa ya ƙaryata kansa ba, zai kawo da ƙafarsa.

Sai ya ci gaba da nema da baki. Ya yi saƙon murya da Kanuri da Hausa, ya sa aka yi masa da Shuwa. Ya faɗi sunanta da na ƙauyen, ya ce doguwa ce, baƙa, mai tsage a kumatu, mai wushirya. Duk wanda ya zo caji sai ya tura masa, ya ce ya tura gaba. Direbobin da ke ɗauko kifi daga bakin tafki suka tafi da saƙon har ƙetare. Sau da yawa ana kiransa a ce an ga mai kama da ita, ya rufe rumfa ya tafi, ya dawo jiki a sanyaye. Wata rana na ji yana ce wa ɗan Ibon, "Abin da na siffanta rabin matan Borno ne. Sunan ma kowane gida akwai shi." Ina tsaye a wurin. Na gyara hulata na ce ana jirana a shago.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, hayaƙin shekaru. Na je duba shi wata ranar da hantsi, na tarar wayar na kan ƙirjinsa, ya sa ƙarar har ƙarshe kada kira ya wuce shi. Ya ce in matso.

"Malam Tela, idan an kira bayan ba na nan, ka ɗauka. Kore ake shafawa, ba ja ba. Kai na san ka da ja."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Maganar tana bakina. Na ce a raina gobe zan zo da hoton in ajiye masa a hannu, ba sai na yi bayani ba. Washegari aka kawo mini ɗinkin biki na gaggawa, na ce jibi. Ban samu jibin ba.

Bayan an watse daga sadakar bakwai na buɗe akwatin. Na kai wa matar Yaya hoton, tana cikin takaba. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, ba ta taɓa barina na wuce ba tsokana ba. Ran nan ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce, "Ashe garar ta amayar."

Na ce, "Hajiya, ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Ta ce, "Ba ni da abin yi maka. Riƙe shi daidai."

Yaya ya koya mata komai. Ta ɗauki hoton da wayarsa, ta ja yatsa ta rufe kitson, fuskar kawai ta rage, abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Sannan ta miƙo mini wayar. Na ce ta haɗa da tsohon saƙon Yaya mana.

Ta ce, "A'a. Mai wannan muryar ya tafi, idan an ji wa za a nema? Kai ka ce ta mutu, kai za ka ce ba ka sani ba. Danna nan, ka yi magana, ka saki."

Na danna. Na faɗi ko ni wane ne da unguwarmu. Na ce na karɓi gaisuwar ƙanwata ba tare da na ga gawarta ba, ga fuskarta, don Allah wanda ya san ta ya kira. Hajiya ta tura wa mutanen bencin nan, su kuma suka tura gaba.

Ba ta fita takaba ba aka kira. Aka aiko in zo da sauri. Wata mata ce mai sayar da itace a wani gari can ƙetaren iyaka. Ta ce ta daɗe da jin saƙon dattijon nan, ya shigo wayarta ba sau ɗaya ba, har ta tura wa wasu. Ba ta taɓa kawo maƙwabciyarta a rai ba, domin da wani suna suke kiranta a can, kuma ba ta maganar inda ta fito. Amma tana ganin hoton ta ce wannan dariyar ta san ta.

Aka mayar da kiran na bidiyo. Sai ga wata tsohuwa, ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari. Ta matso da fuska kusa ƙwarai kamar mai leƙa tukunya. Ta kira ni da sunan da mahaifiyarmu kaɗai ke kirana da shi. Da Kanuri muka yi maganar. Na ce, "Auta, me ya hana ki aiko? Shekara nawa?"

Ta ce, "Na haɗu da wani ɗan unguwarku a hanya tun farko. Ya ce kun yi mini sadaka, har ya ci waina. Na ce to, sun ji na shiga daji, sun zaɓi su ce na mutu. Kada in dawo in ɓata muku suna."

Ta leƙa gefena, ta leƙa ɗaya gefen, tana neman wani a bayana.

Ta ce, "Ina Yaya?"

Hajiya ta juya ta fuskanci bango. Babu wanda zan miƙa wa wayar. Ni na faɗa mata. Na faɗa mata kuma cewa shi bai zauna a kan tabarmar ba, bai yi yini ɗaya bai neme ta ba, kuma ni na hana shi abin da zai same ta da shi. Ta sa hannu a ka. Matar nan mai itace ta karɓi wayar ta ce a bar ta tukuna.

Auta tana gidana yanzu, a ɗakin mahaifiyarmu. Ba ta da yawan magana. Takan tambaye ni abin da yake ci a ƙarshen rayuwarsa, ko ya yi ƙiba, ko haƙoransa sun zube. Ta ce ta yafe mini. Na gode mata, amma wanda na fi buƙatar ya faɗi haka ba ya nan.

Roƙona ga duk wanda wannan ya isa gare shi, ya yi wa Yayana addu'a, Allah ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makomarsa. Sannan kada ku yi irin tawa. Kada ku hana matanku da tsofaffinku waya don tsoron abin da za ta shigo da shi. Ku zauna ku koya musu, wanda bai iya karatu ba yana da baki. Idan kuna da wanda ya ɓace, kada ku shimfiɗa tabarma a kan jita-jita. Kuma idan akwai abin da wani naku yake roƙonku, yana hannunku, kunya ce kawai ta hana ku bayarwa, ku tashi ku kai masa yau, tun yana iya miƙo hannu ya karɓa.